Ilimin Da Ake Rufa Wa Ƙofa

Turawan Ingila suna da wata kalma, esoteric, wadda suke siffanta duk wani ilimi mai zurfi da ita, irin wanda 'yan tsiraru kaɗai suka san kansa, sauran jama'a kuwa ko an karanta shi a gabansu sai su ji kamar ana zaurance. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero yakan yi kiciɓis da ita cikin littattafai, ya duba ƙamus ya ga an ce masa ɓoyayye ko mai wuyar fahimta, ya wuce abinsa, alhali kuwa kalmar tana ɗauke da wata tsohuwar mas'ala wadda malamanmu suka daɗe suna tattaunawa tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar Gwandu, wato wane ilimi ne ya halatta a ɓoye, a ɓoye wa wa, kuma saboda me.

Asalinta daga harshen Yunanawa ne, inda eso ke nufin ciki, esotero kuma can ƙuryar ciki, kishiyarsu kuwa ita ce exo, wato waje. Aristotil, wanda Larabawa ke kira Arisɗo suna yi masa laƙabi da Malamin Farko, ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kuma kafa makarantarsa a birnin Atina a 335, kuma a cikin littattafansa yakan yi nuni zuwa ga wasu rubuce-rubucensa da ya ce na waje ne, waɗanda ya wallafa domin kowa da kowa. Shi da bakinsa bai kira sauran na ciki ba. Mutanen da suka zo bayansa ne suka yi ƙiyasi cewa in dai akwai na waje to lalle akwai na ciki, har kalmar ta fara bayyana a rubuce a ƙarni na biyu na Miladiyya, a alƙalamin wani marubuci mai yawan ba'a da ake kira Lusiyan, mutumin Samosata da ke cikin Turkiyya ta yau. Wani marubucin Rumawa na wannan ƙarnin ya ruwaito cewa Aristotil yakan keɓe safiya ga zaɓaɓɓun almajiransa ya karantar da su mas'aloli masu nauyi, da yamma kuwa ya buɗe ƙofa ga duk saurayin da ya zo. Wanda ya taɓa zama a zauren malami a Jega, ya ga yadda masu manyan littattafai suke ɗaukar karatu bayan asuba, sa'an nan a fito wa'azin jama'a da dare, ba zai ga baƙon abu a cikin wannan tsari ba. Abin mamakin shi ne littattafan da Aristotil ya ƙawata domin jama'a kusan duk sun salwanta, sai guntaye, waɗanda suka iso gare mu kuwa, har Larabawa suka fassara su a Bagadaza, su ne darussan cikin makaranta, domin su ne almajirai suka yi ta kwafa hannu da hannu.

Ma'anar asiri da rantsuwa ta shigo kalmar ne ta wajen Fisagoras, wanda ya rigayi Aristotil da kusan shekara 200, ya kafa jama'arsa a Kuroton da ke kudancin Italiya. Masu ruwaya na baya sun ce sabon almajiri a wurinsa yakan yi shekara 5 bakinsa alaikum, yana sauraron muryar malam daga bayan labule, sai in ya jure aka gwada halinsa sa'an nan a shigar da shi ciki ya ga fuskar mai karantarwa. Da wannan ma'ana kalmar ta shiga Ingilishi a shekarun 1650, cikin tarihin falsafa da Thomas Stanley ya fara fitarwa a 1655. Tana da wata 'yar'uwa, arcane, wadda ta fito daga Latin, daga arca, wato adaka ko akwatin da ake kullewa.

Mu a nan ba mu jira Yunanawa ba, domin malaman Musulunci sun raba zahiri da baɗini, sun kuma raba hassa da amma, wato keɓaɓɓu da gama-gari, kuma sun sami kansu tsakanin nassoshi biyu masu nauyi. A gefe guda ga hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar, mai gargaɗin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye da cewa za a yi masa linzamin wuta ranar ƙiyama. A ɗaya gefen kuma ga abin da Buhari ya kawo daga Sayyidina Ali na umurni da a yi wa mutane magana gwargwadon abin da hankalinsu zai ɗauka, ga kuma Abu Huraira da ya faɗi cewa ya haddace taska biyu, ya watsa ɗaya ya riƙe ɗayar. Ga ƙissar Annabi Musa da Halliru cikin Suratul Kahfi, wadda sufaye suka kafa hujja da ita a kan ilimin ladunni. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a kan gaɓar nan da ƙafa biyu, gama ya rubuta littafi guda yana tona asirin Baɗiniyya masu da'awar cewa haƙiƙanin addini na hannun wani imami ɓoyayye, sa'an nan a ƙarshen rayuwarsa ya rubuta wani yana cewa a kame gama-garin mutane daga kutsawa cikin ilimin kalamu. Abin da na fahimta daga aikinsa shi ne jinkirta wa mutum ilimi har ya kai munzalinsa tarbiyya ce, amma a ce masa ƙofar a rufe take har abada sai dai ya miƙa wuya ga mai mabuɗi, wannan mulki ne aka yi wa rigar ilimi.

Tarihin Jega kansa ya taɓa wannan mas'ala. Garin Gimbana, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa har Gobirawa suka auka musu a ƙarshen 1803, abin da ya gaggauta hijira zuwa Gudu a 1804, yana nan kusa, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a wajen 1820. Jama'ar da waɗannan mutane suka fito daga cikinta ta ginu ne a kan fitar da ilimi daga zaure zuwa fili: Shehu yana wa'azi da Hausa da Fulatanci, yana faɗa da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma rubuta littattafai da dama yana raddi ga wasu ɗalibai da suka ɗauki ilimin tauhidi suka mai da shi tarko, suna kafirta talaka don ya kasa jero hujjoji irin na mutakallimai. A cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga masu bugun ƙasa da masu duba da taurari, waɗanda jarinsu duka shi ne da'awar sanin gaibu. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya bar tafsirinsa Liya'ut Tawili da littattafan nahawu da sarfu a buɗe ga duk mai himma.

Amma fa kada a ɗauka gidan ba shi da ƙurya. Jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, wato Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda aka haifa a shekarar hijira zuwa Gudu ya rasu a 1864, ya nutsa cikin falsafa da ilimin haruffa da sufanci mai zurfi, kuma ya rubuta alkawuran da ya ɗaukar wa kansa, daga ciki har da cewa ba zai kira mutane zuwa ga abin da ya samo daga ilimin falsafa ba. Ga ilimi a rubuce, ga marubucinsa yana tsaron ƙofarsa, ba don neman kuɗi ba, don tsoron kada wanda bai ƙoshi da usulu ba ya zame.

Kafin su duka akwai Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya bar Katsina ya tafi hajji, ya rubuta littafi a kan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Shi ma ya hori ɗalibai da su yi aikin a asirce. To, bari mu buɗe mafi ƙanƙantar hatimin mu gani, mai gida tara, wanda ake jingina wa Gazali, wanda kuma yake cikin kundin malamai da yawa a ƙasar nan. A layin sama a rubuta 4 da 9 da 2, a na tsakiya 3 da 5 da 7, a na ƙasa 8 da 1 da 6. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu, kuma dalilin ba ya bukatar halwa ko turare: jimlar lambobi daga 1 zuwa 9 ita ce 45, in an raba ta layi uku kowane ya tashi da 15, biyar kuma dole ta zauna a tsakiya domin ita kaɗai ke shiga cikin lissafi huɗu. Lambobin kusurwa, 2 da 4 da 6 da 8, in aka mai da su haruffa bisa hisabin abajada su ne ke ba da lafazin buduhu da ake gani a layu. Ɓangaren hisabin, wanda kowa ke iya jarrabawa ya tabbatar, yau yaran sakandare ne ke wasa da shi, kuma saboda shi masana lissafi na duniya ke ambaton sunan Katsinawi. Ɓangaren hasiyya kuwa, na cewa hatimi kaza yana jawo kaza, yana nan inda yake shekara ɗari uku, ba ya gaba ba ya baya, domin ba a taɓa fito da shi inda za a auna shi ba.

In aka bar malamai aka dubi masu sana'a, sai a ga kowace sana'ar gado tana da tata adakar. Basarken da ke su a gulbin Zamfara a gefen Jega yana da abin da ba ya faɗa game da ruwa, maƙeri yana da nasa game da wuta, wanzami da maharbi haka, kuma in ka miƙi hanyar Koko da Yawuri ka ratsa Maiyama da ƙauyukanta ba za ka rasa tsohon da ya san saiwar da ake ba wanda maciji ya sara ba, wanda kuma ba zai nuna maka itacen ba ko da kai surukinsa ne. Wani ɓoyon kariyar abinci ne, don mai sana'a ba shi da wata takardar mallaka sai bakinsa. Wani kuwa tsoro ne na gaskiya, don saiwar da ke warkarwa a ɗan tsinke tana kisa a dunƙule. Sai dai irin wannan sani, in mai shi ya cika bai sami ɗan da ya yarda da shi ba, tare ake binne su.

Babu inda mas'alar ta fi fitowa sarari kamar a Aliero, garin da albasa da ɗori suka fitar da sunansa tun kafin a kafa masa jami'a a 2006, wanda har daga Nijar da Benin ake kawo masa masu karaya. Ka tsaya a zauren maɗori ka ga an sauko da saurayi daga mota, kabu-kabu ya kayar da shi, ƙwaurinsa ya lanƙwashe. Uban yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ga ɗanka nan mun kawo, sai yadda Allah ya yi." Tsohon ba ya gaggawa, yakan ɗora yatsunsa a kan fatar yana bi a hankali daga gwiwa zuwa idon sawu, yana kallon fuskar yaron ba ƙafar ba, har ya tsaya a wuri guda. Sai ya ce wa ɗansa, "Kai, riƙe nan, kada ka saki sai na ce." Mutum biyu su danne, a ja, a murza kaɗan, yaron ya ƙwalla ƙara, ƙashi ya koma mazauninsa. A shafa man shanu ko man kaɗe, a yi tofi, a jera karare ko tsinkayen gora kewaye da gaɓar, a naɗe da ƙyalle.

In ka tambayi mutanen gari ina asirin yake, mafi yawa za su ce yana cikin tofin da abin da aka gada daga kakanni, kuma ba ni da ja a kan addu'a, gama waraka ta Allah ce. Amma ni a ganina babban abin da ya ɓoyu a zauren nan yana cikin yatsun tsohon ne, domin yaron gidan tun yana ɗan shekara bakwai yake riƙe ƙafafun mutane, ya taɓa karaya da targaɗe da gocewa da tsagewar ƙashi ba adadi kafin a bar shi ya ɗaura shi kaɗai, kuma wannan sani ko maɗorin ya so ya rubuta shi ba zai rubutu ba. Sauran aikin kuwa jiki ne ke yi da ikon Mahalicci: jini ya taru ya daskare a bakin karayar, cikin makonni biyu zuwa uku wani guringuntsi mai taushi ya haɗa ɓangarorin, sa'an nan ya ƙanƙare ya zama ƙashi, babba ya ɗauki kamar mako 6 zuwa 12 gwargwadon ƙashin da ya karye, yaro kuwa ƙasa da haka. Aikin mai ɗori, na gargajiya ne ko na asibiti, shi ne ya daidaita ya kuma hana motsi.

Inda rufin ƙofa ke cutarwa shi ne wajen kuskure, domin ilimin da ba a baje shi ba ba ya jin labarin inda ya kasa. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku, kuma in an tamke ɗaurin tun ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ya matse jijiyoyin jini, naman da jini ya daina isa gare shi kuwa cikin sa'o'i kaɗan yake fara mutuwa. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: ciwo mai tsanani da ya wuce na karayar, yatsu su yi sanyi, su mace, su fara baƙi. Sau da yawa majinyaci yana kuka ana ce masa ya yi haƙuri ɗori ne ke kamawa, har a kai lokacin da likita ba shi da abin yi sai yankewa, kuma likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan yaran da suka rasa hannu ta wannan hanya a kan karayar da ba ta taka kara ta karya ba. Haka nan karayar da ƙashi ya huda fata ya fito, da ta ƙugu, da ta gadon baya, ba aikin kara da ƙyalle ba ne. Ƙwararrun maɗora sun san wannan, wasunsu ma yanzu sukan ce a je a ɗauko hoton ƙashi kafin su taɓa. Matsalar tana wajen wanda ya ga sana'ar tana kawo kuɗi ya shige ta da rana tsaka, kuma tun da komai asiri ne, talaka ba shi da ma'aunin da zai rarrabe gwani da ɗan koyo.

Turawa ma sun bi ta nan. Wani gida na likitoci da ake kira Chamberlen, waɗanda suka gudo daga Faransa zuwa Ingila a 1569, sun ƙirƙiro wani awartaki na ciro jariri in haihuwa ta gardama, suka ɓoye shi fiye da shekara 100, suna zuwa da shi cikin ƙaton akwati, a fitar da kowa daga ɗaki, a ɗaure wa mai naƙuda idanu. Sai a 1813 aka tsinci kayan aikin nasu ɓoye a ƙarƙashin daɓen bene a wani gida da ɗayansu ya zauna. Allah kaɗai ya san matan da suka rasu a tsawon wannan zamani a hannun ungozomar da ba ta taɓa jin labarin abin ba.

Wani gidan kuma ya ɗauki wata hanya dabam. Hugh Owen Thomas, wanda aka haifa a 1834 ya rasu a 1891, ɗan gidan maɗoran gado ne daga tsibirin Angilsi a ƙasar Wales, kuma mahaifinsa, wanda shi kansa bai yi karatun likita ba, ya tura 'ya'yansa maza su koyo likitanci. Thomas ya dawo ya zauna a Libaful yana ɗora ma'aikatan tashar jiragen ruwa, ya haɗa hannun gado da ilimin sassan jiki, ya ƙera wani ƙarfe na tallafar ƙashin cinya, ya kuma rubuta yadda ake yinsa dalla-dalla. Almajirinsa kuma ɗan ɗan'uwan matarsa Robert Jones ya shigar da ƙarfen cikin aikin sojan Ingila a Yaƙin Duniya na Farko, kuma ana ruwaito cewa mace-macen masu karayar cinya, wanda a farkon yaƙin ya kai kusan kashi 80 cikin 100, ya sauko ƙasa da kashi 20. Har gobe ana kiran ƙarfen da sunansa a asibitoci.

Ba sai an je Ingila ba ma. Wani likita a kudancin Habasha ya ba da rahoto a 2005 cewa da ya ga yawan gaɓoɓin da yake yankewa saboda tamke ɗauri, sai ya tara maɗoran yankin ya yi musu bita ta yini guda, kuma a shekaru biyun da suka biyo baya irin wannan yankan ya ragu ƙwarai. A Jega akwai kwalejin kimiyyar lafiya, a Aliero ga jami'a ga gidajen ɗori a gari ɗaya, tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai a yi mata guzuri ba. Darasin da za a koyar a irin wannan yinin ba shi da yawa: a bar sarari ga kumburi a kwanakin farko, a bar yatsu a waje inda za a riƙa duba su safe da yamma, a kwance ɗauri nan take in sun yi sanyi ko sun canza launi, karayar da ta huda fata kuma a wuce da ita asibiti a ranar.